Jerin Gidajen Tubali a Argungu da Birnin Kebbi: Tsarin Gininsu da Giɓin da ke Cikin Dokar Kare Su

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi tsofaffin gidajen tubali na Argungu da Birnin Kebbi a matsayin jeri, wato gidajen da suka jingina da juna, suka haɗa bango da hanyar ruwa da fuskar lungu. Ta bayyana yadda ake gina su da ƙa'idojin maƙwabtaka na fiƙihun Malikiyya da suka tsara zamansu, ta kuma waiwayi yadda Ingila da Nijar suke kare irin wannan gado. Hujjarta ita ce dokar Najeriya gini ɗaya tilo take gani, alhali gidan tubali ba ya rayuwa shi kaɗai, kuma jiha tana da ikon cike wannan giɓi ba tare da jiran Abuja ba.

1.0 Gabatarwa



Duk wanda aka ce ya ambaci tsohon gini a ƙasar Kabi, tsohuwar fadar Argungu zai fara kawowa. A cikinta sarakunan Kabi suka zauna har zuwa 1942 da aka koma sabuwar fada, a 1958 kuma aka buɗe ta a matsayin Gidan Tarihi na Kanta. Tana da sassa 11 da aka jera makamai da tambura da layu da sauran kayan sarauta, a nan ne kuma ake binne sarakuna. An saba cewa a 1831 aka gina ta, kuma Yakubu Nabame ne ya gina. Maganganun nan biyu ba sa zama wuri ɗaya cikin sauƙi, domin 1831 ita ce shekarar da aka kashe Sama'ila Karari, mahaifin Nabame, shi kuwa Nabame ya daɗe a hannun Sakkwato, bai tayar da sarautar Kabi a Argungu ba sai 1849, ya rasu a 1854. In dai shi ya gina ta, to ginin na tsakiyar ƙarni na 19 ne. Wannan muhawara ta masana tarihi ce, na bar musu.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne dalilin da ya sa fadar ta kai yau. Abu uku suka riƙe ta: kaburburan sarakuna, matsayinta na gidan tarihi, da baƙin da bikin kamun kifi yake kawowa tun 1934, bikin da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Gidajen bayin sarki da na masunta da na malamai da na fatake da suka kewaye ta ba su da ko ɗaya daga cikin ukun. Haka Surame, birnin Muhammadu Kanta na ƙarni na 16 mai ganuwar dutse: an ayyana shi wurin tarihi na ƙasa a 1964, an sa shi cikin jerin share fage na UNESCO a 2007, amma kufai ne da ba mai kwana a ciki, kuma a yau yana cikin Jihar Sakkwato. Kariyar da tarihin Kabi ya samu ke nan, fada ɗaya da kufai ɗaya.

Birnin Kebbi kuwa, ya zama babban birnin Kabi wajen 1700 bayan barin Surame, ya faɗa hannun rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo a 1805, ya zama mazaunin Sarkin Gwandu a farkon mulkin Turawa, sannan ya zama babban birnin jiha ranar 27 ga Agusta, 1991. Kowane zamani ya bar nasa gini, amma wanda yake saurin ɓacewa shi ne na lungunan tsohon gari, irin su Shiyar Fada.

2.0 Yadda jeri yake tashi

Ba mutum ɗaya ke gina jerin gidajen Hausa ba, ba kuma a shekara ɗaya ba. Wani ya kewaye filinsa da katanga, ya kafa zaure a bakin hanya. Maƙwabcinsa ya zo ya jingina ɗakinsa da wannan katanga maimakon ya tayar da sabuwa. Ɗa ya yi aure aka yanka masa sashe aka huda masa ƙofa. A haka, cikin shekaru, bango ɗaya yake miƙewa daga bakin lungu har ƙarshensa, ba abin da ke katse shi sai zauruka da dakali da bakin indararo. Wanda ya tsaya a waje ba zai iya nuna inda gidan wane ya ƙare na wane ya fara ba, sai ya ƙirga zauruka.

Duk da haka jerin yakan fito da kama ɗaya, tamkar an auna. Sirrin yana cikin kayan aikin.

Tubali da hannu ake mulmula shi, mai faɗin gindi da tsinin kai, ba a sa shi a akwati. Ana haƙo ƙasa, musamman birji, a jiƙa, a zuba ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake tattakewa, sannan a mulmula a shanya har ya bushe. Wajen gini ana jera shi a tsaye, gindi ƙasa kai sama, a jefa kwaɓaɓɓiyar ƙasa ta cike tsakani, a bar sahu ya sha iska kafin a ɗora na gaba. Saboda haka gini aikin rani ne, daga bayan kaka zuwa bazara, lokacin da manomi ya sami hannu kuma sama ba ta barazana. Bangon yakan yi kauri a gindi, sahu uku ko huɗu na tubali, ya riƙa sirancewa yana hawa. Wannan ɗan karkata da ido yake gani a tsohon bango dabara ce ta ɗaukar nauyi, kuma ita ce abu na farko da yake ɓacewa idan aka koma bulon ƙasa na akwati, wanda yake tashi a miƙe da kauri ɗaya tun daga ƙasa har sama.

Rufi shi ne ya yanke wa ɗaki faɗinsa. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita biyu. Magini yana da hanyoyin ƙetare wannan iyaka. Yakan ɗora azara bisa azara daga bango, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har tazarar ta ragu. Yakan gicciya wasu a kusurwa. Idan zaure ne na mai hali ko na sarauta, sai ya ɗaura bakan gizo, ya haɗa bakuna su sadu a tsakiya su ba da ɗaurin guga, a rufe da tulluwa. A bisa azara ake shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a daddaɓe, a shafe da abin da zai hana ruwa shiga: makuba ta kwasfar ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Sai rawani ya kewaye rufin, indararo ya fitar da ruwa nesa da bango, zanko ya tsaya a kusurwa yana danne ta da nauyinsa.

Tunda kowane magini da irin wannan azara yake aiki, da irin wannan tubali, kuma a hannun ubansa ko ubangidansa ya koya ƙarƙashin Sarkin Magina, tsayin bango da faɗin ɗaki da girman ƙofa sukan zo kusan ɗaya daga gida zuwa gida. Giginya da hannun magini su suka yi aikin da takardar zane take yi a wasu wurare. Zbigniew Dmochowski, wanda ya auna gine-ginen gargajiya a faɗin ƙasar nan aka buga aikinsa cikin juzu'i uku a 1990, da J. C. Moughtin a littafinsa na 1985, da Hamman Tukur Sa'ad a kundin digirinsa na uku na 1981, duk sun yi bayanin wannan fasaha. Sai dai hankalin masu nazari ya fi karkata ga Kano da Zariya, inda aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu yake, da inda fuskar zaure take cike da zane. Ginin yammacin ƙasar Hausa bai cika ado a waje ba, kuma ina ganin wannan ya cuce shi, domin an saba auna darajar ginin Hausa da yawan zanensa. Wanda ya zo neman dagi a bango ya tarar da yaɓe fili, sai ya wuce yana cewa ba abin gani. Kyan jerin Kabi yana cikin daidaiton tsayi, da kaurin bakin ƙofa, da yadda lungu yake lanƙwasa ya hana ido zarcewa cikin gida.

Akwai abu biyu da jeri yake yi waɗanda gida ɗaya ba zai iya ba. Na farko zafi. A garin da zafin Afrilu yake haura digiri 40, bangon da maƙwabta biyu suka raba rana ba ta dukansa ta kowane gefe, ƙunƙuntar lungu kuma tana sa bango ya yi wa ɗan'uwansa inuwa mafi yawan yini. Kaurin ƙasa yana jinkirta zafin rana awanni da dama, sai dare ya yi yake isa ciki, lokacin da mutane suka fito tsakar gida.

Na biyu ruwa, kuma shi ne babba. Kowane rufi an san inda ya karkata, kowane indararo an san inda yake zuba. Ruwan ya sauka a lungu, lungu ya gangara da shi zuwa kududdufi, kududdufin nan kuwa shi ne ramin da aka haƙi ƙasar ginin tun farko. Unguwa ta haƙa wa kanta matattarar ruwa da hannunta tana gini. Birnin Kebbi da Argungu duka suna kan tudu a bakin fadamar Gulbin Kabi, kuma ambaliyar 2010 da ta biyo ta madatsar Goronyo da ta 2020 sun nuna abin da gulbi yake iyawa. Amma a cikin tsohon gari, ruwan da ya fi kashe bango shi ne wanda ya sauka a unguwa ya rasa hanyar fita, saboda an cike kududdufi an yanka fuloti, ko an ɗaga titi da kwalta ya fi gindin bango tsawo. Danshi ya hau, gishiri ya fito, gindin ya zaizaye, wata rana cikin Agusta bango ya kwanta.

3.0 Shari'ar bango

Zama irin wannan, bango ɗaya tsakanin gida biyu, ba ya yiwuwa sai da ƙa'ida, kuma ƙasar nan tana da ita a rubuce. Fiƙihun Malikiyya ya daɗe da tsara hukuncin gini a kan asasin hana cuta da cutarwa. Ibn al-Rami, magini ne a Tunis a ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen bango da hanya da magudana a littafi guda. A nan gida, Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan mallakar ƙasa da raya mataccen fili, kuma alƙalin Gwandu Idris ɗan Khalid ya tattara wa alƙalai mas'alolin da suka fi yawan kawo husuma, cikinsu har da na gini da maƙwabtaka. Besim Hakim da Zubair Ahmed sun yi nazarin wannan rubutu na alƙalin Gwandu a wata maƙala da aka buga a 2006. Abin lura ne cewa ɗaya daga cikin muhimman madogaran tsarin gari na Daular Usmaniyya daga masarautar Gwandu da muke zaune a cikinta ya fito.

Ƙa'idojin sanannu ne ga duk wanda ya tashi a tsohon gari, ko bai karanta su ba. Ba ka huda taga ta leƙa tsakar gidan maƙwabci. Ba ka buɗe ƙofarka daidai da tasa yadda mai fita zai hango ciki. Ba ka juya indararonka ya zuba a bangonsa, ba ka haƙa masai a gindinsa. Idan ya nemi ya kafa azararsa a bangonka, an so ka bari. Hadisi ya zo da wannan, Malikawa kuma suka ɗauke shi a matsayin abin so. Ɗan filin da ke gindin bangonka ta waje kana da damar amfani da shi, ka yi dakali, ka ɗaure dabba, muddin ba ka tare hanya ba, amma ba naka ba ne da za ka kewaye. Wanda ya riga ya kafa abu, wanda ya zo daga baya shi zai kauce.

Dakali ya isa misali. Wurin zaman dattawa ne da yamma, wurin karatun allo, kuma shi ne yake tare ruwan da ke fantsama daga ƙasa kada ya ci gindin bango. Abu ɗaya ya haɗa fiƙihu da zumunci da injiniyanci. Idan hukuma ta zo faɗaɗa hanya ta fasa dakali a matsayin cin titi, ta cire wa bangon garkuwarsa ba tare da ta sani ba.

4.0 Yadda wasu suka yi

Ingila ce ƙasar da ta fi shahara da jerin gidajen jan bulo. Bayan gobarar London ta 1666, dokar sake gina birnin ta 1667 ta wajabta gini da bulo ko dutse, ta ƙayyade kaurin bangon tarayya. Dokar gini ta 1774 ta kasa gidaje aji huɗu, kowane da ma'auninsa, shi ya sa dandali irin Bedford Square, wanda aka gina tsakanin 1775 da 1783, yake da fuska ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa. Can doka da ɗan kwangila suka kawo daidaito, nan kuwa azara da gadon sana'a. Amma matsalar kariya iri ɗaya ce, kuma su ma sun yi tuntuɓe a kanta. Rajistar gine-ginen tarihi da suka fara da dokokin 1944 da 1947 gini ɗai-ɗai ta fi kula da shi, a shekarun 1950 da 1960 kuma aka rushe unguwannin jeri masu yawa da sunan kawar da ƙazanta. Sai a 1967 aka yi dokar da ta ba ƙananan hukumomi ikon keɓe unguwa sukutum, aka fara da garin Stamford; yau irin waɗannan unguwanni sun kai kusan 10,000 a Ingila. A rajistarsu akan shigar da jeri guda a matsayin abu ɗaya, akan kuma kare gidan da shi kaɗai bai kai ba, saboda darajar da yake ƙara wa rukunin. Ko da dokar, a 1977 sai da wasu masana gini suka tare a cikin tsofaffin gidajen masaƙa na titin Elder a Spitalfields don hana a rushe su.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Agadas. A 2013 UNESCO ta karɓi tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya, da unguwanninsa 11, da fadar Sarkin Abzin, da masallacin da hasumiyarsa ta kai mita 27, da gidajen talakawa da mutane ke kwana a ciki. Gari ne na ƙasa kamar namu, da magina masu jin Hausa. Djenne ta Mali, wadda aka karɓa tun 1988, ita kuma gargaɗi ce: mazauna sun daɗe suna kukan an hana su gyara gidajensu yadda zamani yake buƙata, kuma tun 2016 tana cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Kariyar da ta mayar da mai gida ɗan gadin gidansa ba ta ɗorewa.

5.0 Dokarmu, da abin da ke cin jeri

Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ita ce doka ta 77 ta 1979, wadda ta gaji dokar kayan tarihi ta 1953. A ƙarƙashinsu aka ayyana wurare 65. Idan aka duba na ƙasar Hausa da kewaye, za a ga Gidan Makama a Kano, hasumiyar Gobarau da tsohuwar kwalejin Katsina, gidan Madaki a Kafin Madaki wanda aka ayyana tun 1956, da ganuwoyi da ƙofofi. Fada, masallaci, makaranta, ganuwa. Babu lungu ko ɗaya na gidajen zama. Dokar ta fi sanin abin da za a kewaye a sa masa allo, kuma tarar da ta tanada ta kuɗin 1979 ce. Ko abin da ta ayyana ba ta iya tsarewa ba: Ilojo Bar a Legas, ginin salon Brazil da aka ayyana a 1956, an rushe shi da rana tsaka a Satumbar 2016.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da ginin ƙasa. Tunanin kariya da muka gada ya ginu a kan cewa abu na asali shi ne wanda ba a taɓa ba. Bangon tubali kuwa, in ba a taɓa shi ba ya mutu. Fatarsa ta bana ba ita ce ta shekara goma da suka wuce ba, kuma haka ya kamata. Takardar Nara ta 1994 ta buɗe ƙofar a auna asali da fasaha da al'adar da ke sabunta gini, wanda ya dace da mu ƙwarai. Abin da ya tsufa a lungun Argungu shi ne layin bango, da wurin zaure, da hanyar ruwa, da ilimin da ke hannun magini.

Yanzu a dubi yadda jeri yake mutuwa. Ba a rushe shi gaba ɗaya. Gida ɗaya ake cirewa daga tsakiya. Mai gida ya rasu, aka raba gado, wani ya sayi kaso ya rushe ya tayar da bulo da siminti, wanda ya zama kayan kusa tun da masana'antar Kalambaina ta Sakkwato ta fara aiki a 1967. Bangon da ya shekara ɗari a rufe tsakanin ɗaki biyu ya wayi gari a fili, ba yaɓen waje, ba rawani. Sabon rufin kwano ya zubo ruwansa a kansa. Ramin sabon harsashi ya sassauta gindinsa. Damina biyu ko uku, maƙwabci ma ya ga ba shi da zaɓi sai bulo. Wanda ya so ya tsira da nasa sai ya shafe shi da siminti, wannan kuwa ya fi komai sauri wajen kashe shi, domin siminti ba ya barin ƙasa ta fitar da danshi. Ruwa ya shiga ta tsaga ya maƙale, bango ya ruɓe a ɓoye, wata rana fatar simintin ta ɓalle da rabin bangon a jikinta.

Gesse ta Birnin Kebbi, inda muke zaune, ita ce ɗaya fuskar labarin. Unguwa ce ta safiyo, titi a miƙe, kowane gida tsaye a tsakiyar fulotinsa da tazara ta kowane gefe, katangar bulo da ƙofar ƙarfe. Ba laifi ba ne. Sabuwar jiha ta buƙaci gidajen ma'aikata, mai mota kuma yana son inda za ta shiga. Amma ƙa'idar tazara da ake ba da izinin gini da ita ta sa tsarin tsohon gari ya zama abin da ba za a amince da shi a takarda ba, ko da wani ya so ya gina irinsa yau. Sannan 'ya'yan tsohon gari da suka sami hali, waɗanda da su ne za su ɗauki nauyin yaɓen gidan gado kowace shekara, su ne suka komo irin su Gesse da Gwadangaji. Gidan ya rage wa tsofaffi da 'yan haya. Ginin ƙasa ya zama alamar rashi, har mai shi yana jin kunyar a ce bai sa bulo ba.

Kada a ce ƙasa ta gaza ne a matsayin kayan gini. Masallacin Yama a jihar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Yamai, rukunin gidajen da ake kira Niamey 2000, wanda Mariam Kamara da abokan aikinta suka zana aka kammala a 2016, gidaje ne manne da juna na matsattsen bulon ƙasa, masu bene, da wuta da famfo, an yi su don ma'aikata masu matsakaicin hali. Irin mutanen Gesse ke nan.

6.0 Abin da jiha za ta iya

A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya cewa tsara gari hurumin jiha ne. Legas ta yi tata dokar kare wuraren tarihi a 2011. Ba abin da ya hana Majalisar Dokokin Jihar Kebbi ta yi dokar da za ta ba Hukumar Raya Birane ta jiha ikon keɓe lungu ko shiyya a matsayin abu ɗaya, tare da masarautun Gwandu da Argungu.

Ba na ba da shawarar a keɓe tsohon gari duka. Ba kuɗin, ba kuma haƙurin mazauna. A fara da lungu ɗaya a kusa da Gidan Tarihi na Kanta, ɗaya a tsohon Birnin Kebbi, inda bangon jeri bai yanke ba tukuna. Abin da dokar za ta riƙe kaɗan ne: layin bangon waje da tsayinsa, zaure da dakali, hanyar ruwa har zuwa kududdufinta, da haƙƙin bangon tarayya, yadda duk wanda zai rushe nasa sai ya tsare na maƙwabcinsa ya kuma kawar da ruwan kwanonsa daga kansa. Wannan na ƙarshe ba baƙon abu ba ne, hukuncin da alƙalan Gwandu suka yi aiki da shi ne aka mayar cikin dokar jiha. Cikin gida kuwa a bar wa mai shi: ya sa wuta, ya ja famfo, ya gina banɗaki na zamani nesa da bangon ƙasa, ya daɓe ɗakinsa da abin da ya ga dama.

Kuɗin da za a kashe ya tafi ga yaɓe. A ware wani abu kowane rani a biya magina ta hannun Sarkin Magina, su bi lungun daga farko har ƙarshe kafin ruwa ya sauka, da sharaɗin kowane gwani ya ɗauki yara yana koya musu. Ita ma giginya sai an dasa, domin ba ta isa yanka azara sai ta shekara da yawa, kuma wadda ake sarewa a fadama ba a mayar da gurbinta. Sassan nazarin zanen gini na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi suna da ɗaliban da ake tura wa aikin aune-aune kowace shekara; a tura su waɗannan lunguna, su zana kowane bango da kowane indararo, su rubuta sunan maginin da ya yi aikin tun da sauran masu tunawa.

Roƙona ga masu martaba Sarkin Gwandu da Sarkin Kabin Argungu shi ne su nuna lungun da za a fara da shi, su sa masu unguwanni su zauna da masu gidajen kafin kowace hukuma ta zo da takarda. Ga 'yan majalisar jiha kuma, daftarin dokar bai wuce shafi kaɗan ba, kuma akwai malaman shari'a da na gini a nan da za su rubuta shi. Aunawa da yaɓe duka aikin rani ne, saboda haka a fara kafin ruwan bana ya sauka.